Xeon ko Core? Yadda za ka zaɓi furosesar kwamfutar gida a Yamai

Ranar wata Asabar ɗan yayata, wanda ke karatun labarin ƙasa a Jami'ar Abdu Mumuni, ya ƙetaro gada daga Harobanda ya iske ni a shago. Tun bai zauna ba ya miƙo mini waya.

"Kawu, don Allah dubi wannan. Zuciya 14, zare 28, kuma kuɗinta bai kai na wayar nan ba. Ta manyan kamfanoni ce fa."

Na duba. Xeon E5-2680 v4 ce. Na ce masa, "Ɗana, zauna a ba ka ruwa tukuna. Ba ƙarya suka yi maka ba, amma ba su faɗa maka duka ba."

Irin wannan tambaya tana yawan zuwa mini, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa amsar dalla-dalla. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta duk lissafinta, iri biyu ake magana a kai. Akwai ta kwamfutar tebur, wato Core i3, i5, i7 na Intel da Ryzen na AMD. Akwai kuma ta uwar garke, wadda mu masu gyara muke ce wa sarbar, wato injinan da bankuna da kamfanonin waya ke jerawa a ɗaki mai sanyi suna aiki dare da rana. Intel ta fara sayar da irin waɗannan da sunan Xeon a 1998. AMD ta fito da Opteron a 2003, sannan EPYC a 2017. Waccan da yaron ya nuna mini a 2016 ta fito, kuma a lokacin kuɗinta ya haura dalar Amurka 1700, wajen miliyan guda na sefa. Abin da ya karya farashinta ba lalacewa ba ce. Manyan kamfanoni suna sauya injinansu bayan ƴan shekaru, sai tsofaffin furosesa su malalo kasuwa da yawan gaske, masu saye kuwa kaɗan ne. To araharta gaskiya ce. Sai dai ba a sayen furosesa ita kaɗai, kamar yadda ba a sayen doki a manta da dawa da ciyawarsa.

Mataki na farko: ka san aikin da za ka ɗora mata

Zuciya ita ce ma'aikaci guda a cikin furosesa. Zare kuwa dabara ce da ke sa ma'aikacin nan ya riƙe aiki biyu a hannu, yana yin ɗaya sa'ad da ɗayan ke jira. Saboda haka zare 28 ba ma'aikata 28 ba ne, 14 ne masu hannu biyu.

Ka ƙaddara kana da buhun albasa 140 a Galmi za ka fitar da su daga gona zuwa bakin kwalta. Jakai 14 sun fi maka dawaki 6, ko kuma dai a tashi kunnen doki. Amma in saƙo guda za ka aika Tawa, jakan nan 14 ba su amfane ka da komai ba, ɗaya ne zai ɗauki takardar, sauran 13 suna tsaye suna kaɗa jela. Doki guda mai gudu ya fi su duka. Ayyukan kwamfuta haka suka rabu. Akwai wanda ke rarrabuwa: fitar da hoton gini a Blender, matse bidiyo a HandBrake, kunna kwamfutocin gwaji da yawa a cikin guda da VirtualBox ko Proxmox. Akwai kuma wanda ba ya rarrabuwa sosai, kuma shi ne mafi yawan abin da muke yi a gida: buɗe shafukan intanet, Word da Excel, zane a AutoCAD, wasan ƙwallo da sauran wasanni. Waɗannan gudun zuciya ɗaya suke nema.

Ba sai ka yi hasashe ba. Ka je ga kwamfutar da kake aiki da ita yanzu, ko ta aboki, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Tun da Windows ɗinmu galibi na Faransanci ne, abin da zai buɗe shi ne Gestionnaire des tâches. Shiga Performances, ka danna hannun dama na linzami a kan zanen furosesa, ka zaɓi Processeurs logiques. Zanen zai tsattsage gida-gida, kowane zare da nasa. Sai ka kunna aikin nan da ya fi sa ka jira, ka zuba ido. In duk gidajen sun cika maƙil, aikinka na jakai ne, yawan zuciya zai taimake ka. In ɗaya ko biyu ne suka cika sauran suna barci, kada ka ƙara kallon Xeon mai zuciya 14. In kuma babu wanda ya cika amma injin na jan ƙafa, to ba furosesa ce damuwarka ba, ram ne, wato wurin da injin ke riƙe aikin da yake kai, ya yi kaɗan, ko kuma tsohon faifai mai juyawa kake amfani da shi, SSD, faifan zamani marar juyawa, shi ne maganinka.

Mataki na biyu: koyi karanta sunan

Sunan Xeon kaɗai ba ya faɗa maka komai, kamar a ce maka mota Toyota ce. Ta wace shekara? A tsofaffin da ke yawo a kasuwa, iyali biyu za ka fi gamuwa da su.

E3 ƙanwar Core i7 ce da aka sauya wa riga. Misali E3-1230 v3 tana da zuciya 4, zare 8, tana gudu daga 3.3 zuwa 3.7 GHz, wato ma'aunin saurin bugunta, kuma mazauninta, gurbin da ake dasa ta a ciki, LGA1150 ne, daidai da i7-4770 mai 3.4 zuwa 3.9. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta mai i3 ta wannan zamanin zai iya ɗaga ta da wannan, in dai babban allon da furosesa ke zama a kai ya karɓe ta. Amma daga v5 Intel ta rufe wannan ƙofa, E3 ta daina aiki a kan allon tebur na kowa da kowa, sai mai cifset C232 ko C236. Cifset ita ce ƴar na'urar da ke kan allo tana haɗa furosesa da sauran sassa.

E5 ita ce babbar. Lambar farko bayan layin tana faɗin furosesa nawa za su iya zama a allo ɗaya: 1650 ita kaɗai take zama, 2680 za a iya haɗa biyu. Harafin v na ƙarshe kuwa shi ne shekarun haihuwa. Wadda ba ta da v ta 2012 ce, v2 ta 2013, v3 ta 2014, v4 ta 2016. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. E5-2670 ta farko zuciya 8 gare ta, ga ta da tsohon ram DDR3, kuma ba ta san umarnin da ake kira AVX2 ba, wanda sai daga v3 ya shigo wannan iyali. Akwai sababbin wasanni da manhajoji da in ba su ga AVX2 ba ko buɗewa ba sa yi. Ni dai ƙasa da v3 ba na ba kowa shawara ya saya yau, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani.

Yanzu jera su gefe da gefe. E5-2680 v4: zuciya 14, gudu 2.4 zuwa 3.3 GHz, wat 120. Core i5-12400 ta 2022: zuciya 6, zare 12, tana kaiwa 4.4 GHz, wat 65. Ryzen 5 5600, ita ma ta 2022: zuciya 6, zare 12, 3.5 zuwa 4.4 GHz, wat 65. Kuma ba GHz kaɗai ne bambancin ba. Sabuwar zuciya tana gama aiki mai yawa a kowane bugu fiye da tsohuwa, don an sake tsara cikinta. Sakamakon shi ne a aikin zuciya ɗaya i5-12400 ta kusa ninka waccan Xeon, a aikin da ke rarrabuwa kuma dawakin nan 6 suna tashi kusan kunnen doki da jakai 14. Wannan shi ne abin da masu talla ba sa rubutawa.

Wasu haruffa biyu da ke cin mutane: a Intel, F a ƙarshen suna tana nufin babu sashen hoto a ciki. A Ryzen na mazaunin AM4 kuwa, sai ka ga G, kamar 5600G, sannan akwai shi. In kuma ka ga Xeon an rubuta mata ES, samfurin gwaji ce da ba a yi don sayarwa ba, ka bar ta inda ka gan ta.

Mataki na uku: allon da za ta zauna a kai

Nan ne yawancin masu sayen Xeon ke yin tuntuɓe. Kart mer, wato babban allon da komai ke maƙalewa a kai, dole mazauninsa ya dace da furosesar. E5 ta farko da v2 suna zama a LGA2011, v3 da v4 a LGA2011-3. Sunayen sun yi kama, girman ya yi kama, amma ba sa shiga wa juna. Wanda ya danna da ƙarfi ya lanƙwasa allurai, allon ya tafi kenan.

Hanya uku ake samun allon. Ta farko, cikakkiyar sarbar irin mai faɗi da ake zurawa a kanta, kamar Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380. Injina ne nagari, amma ba na gida ba. Ƴan ƙananan fankokinsu in suka tashi sai ka ce jirgi zai ɗaga daga filin Diori Hamani, kuma iskar ɗakinmu mai zafi ba za ta bari su lafa ba. Uwargida ba za ta yarda a kwana da wannan a ɗaki ba, kuma gaskiyarta.

Ta biyu, sababbin alluna masu araha da ake haɗawa a Sin ana rubuta musu X99, ana sayar da su a ƙunshe da furosesa da ram. Akwai masu kyau a ciki, akwai na jeka-na-yi-ka. Da yawansu tsohon cifset aka ciro daga matattun alluna aka dasa musu. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwo. Na yi odar ɗaya, ta iso, ta yi aiki lafiya tun daga Disamba. Ramukan ram huɗu gare ta, ashe hanya biyu kawai aka ja musu maimakon huɗu. Wannan na haƙura. Ana shiga Afrilu, wata rana da azahar ina fitar da bidiyon biki, sai na ji ƙauri. Ƴan ƙananan na'urorin da ke tace wuta a gefen furosesa ne suka ƙone, don an yi musu rowar ƙarfen sanyaya. Wa zan mayar wa? Mai sayarwa yana wata duniya.

Ta uku ita ce wadda nake yarda da ita: cikakkiyar kwamfutar aiki da aka ƙera don injiniyoyi, kamar HP Z440, Dell Precision T5810 ko Lenovo ThinkStation P510. Siffarsu ta kwamfutar tebur ce, ba su da hayaniya, kuma allo da akwatin wuta da fanka duk an yi su ne don juna. Aibinsu guda: akwatin wutar da filoginsa nasu ne na kansu, in ya mutu ba za ka shiga Babbar Kasuwa ka ɗauko kowane iri ka sa ba. Kuma waɗanda aka yi tun zamanin v3 sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar cikin allo da ke tayar da injin, kafin su karɓi v4, don haka a yi sabuntawar da tsohuwar furosesa tana ciki, kuma a kan ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe injin in wuta ta tafi, don in kuran ya ɗauke a tsakiya allon na iya mutuwa.

EPYC ta hannu kuwa, ka yi hattara ninki biyu. Allonta tsada gare shi, kuma wadda ta taɓa aiki a wasu injinan Dell ko Lenovo tana iya kasancewa an kulle ta ga wannan kamfani har abada, ba za ta tashi a wani allo ba.

In furosesa biyu kake kwaɗayi a allo ɗaya, ka sani Windows Famille guda kawai yake gani, sai Pro.

Mataki na huɗu: ram

A nan Xeon take da bakin magana, kuma ba zan rage mata ba. E5 tana da hanyoyin ram huɗu, ta tebur biyu. Z440 ramuka 8 gare ta. Kuma tana karɓar ram mai ECC, wanda in ɗigon bayani guda ya juye yana gyara shi da kansa ba tare da injin ya tsaya ba. Ga wanda ke ajiye lissafin kamfani a injin da ba a kashewa, wannan abu ne mai daraja. Ga mai kallon fim da rubuta memuwar, zai shekara goma bai san da zamansa ba.

Ka karanta takardar da ke manne a jikin sandar ram. In ka ga PC4-2400T sai harafin R ya biyo baya, na sarbar ne, ba zai tashi a allon Core ko Ryzen ba ko da ya shiga ramin daram. U na tebur ne. E mai ECC ne amma ba irin na R ba. Ba a gauraya su a injin ɗaya. Na sha ganin wanda ya tsinci sandar 16 GB mai R da araha, ya kawo mini yana cewa kwamfutarsa ta lalace. Ba ta lalace ba, ba abincinta ba ne. Kuma in ka sayi Xeon ka sa mata sanda ɗaya tak, ka toshe hanya uku cikin huɗu. Sanda huɗu na 8 GB sun fi ɗaya ta 32.

Mataki na biyar: wa zai ba ka hoto?

Gajeren mataki ne amma mai cin kuɗi. E5 ba ta da sashen hoto ko kaɗan. In ba ka sa katin hoto daban ba, ekaran baƙi ƙirin zai tsaya. Katin kuma kuɗi ne, wuta ce, zafi ne. i5-12400 da 5600G suna fitar da hoto da kansu. Masu haɗa bidiyon biki da suna su lura da wannan musamman: sashen hoton Intel yana da Quick Sync, wanda ke ɗauke nauyin buɗewa da matse bidiyo. A E3 ta zamanin farko, masu ƙarewa da 5 irin 1225 da 1245 suna da hoto, masu ƙarewa da 0 ba su da shi.

Mataki na shida: kuran da zafin Yamai

Duk gwaje-gwajen da kake gani a YouTube a ɗaki mai sanyi aka yi su, a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. Ɗakunan sarbar ana riƙe su tsakanin digiri 18 da 27, iskarsu tatacciya ce. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ba a magana. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa. In ɗakin ya ƙaru da digiri 15, furosesar ma ta ƙaru da kusan haka. Da ta kai iyakarta sai ta rage gudu don ta ceci ranta, sai ka ga zuciya 14 da ka biya suna tafiyar hawainiya. Sannan duk wat ɗin da injin ya sha, zafi yake komawa a cikin ɗakin da kake zaune. Injin da ke shan wat 250 tamkar ƙaramin murhu ne a ƙarƙashin teburinka.

Wat ɗin da aka rubuta a takarda ba shi ne ainihin abin da ake sha kullum ba, ma'aunin zafin da fanka za ta kwashe ne. i5-12400 kanta tana iya haurawa zuwa wat 117 na ɗan lokaci in aiki ya yi nauyi. Bambancin shi ne tana gamawa da wuri ta koma ta kwanta, kuma a kwance kaɗan take sha. Tsohuwar Xeon da katin hotonta da sandunan ram ɗinta ko ba ta aikin komai cikinta a buɗe yake.

Yi lissafin da kanka. Mu ƙaddara bambancin injinan biyu wat 60 ne, kana aiki awa 8 a rana. 60 sau 8 ya ba da 480, sau kwana 30 ya ba da 14,400, wato kilowat-awa 14.4 a wata, kusan 173 a shekara. Ɗauko faktirinka ka ga nawa ake sayar maka da kilowat-awa guda, ka ninka. In ɗakin da kilim, ƙara wani abu a kai, don kilim ɗin ne zai kwashe zafin. Mafi kyau ma ka ari ɗan ma'aunin wat da ake soka wa a bango, ka auna injin yana hutawa da kuma yana aiki, kafin ka biya.

Amma a wurina faktir ba shi ne babban abin ba, ondilar ce. Ƙaramar ondilar mai 650 VA da yawancinmu ke saye wajen wat 360 take ɗauka, batirinta kuma 12 V ne 7 Ah, wato wat-awa 84 a takarda, kuma in ana zuƙarsa da sauri ba ya ba da ko kusa da haka. Ƙaramar kwamfutar buro da ekaran ɗinta za su ba ka lokacin da za ka ajiye aikinka a natse, har ka ƙarasa sakin layi. Z440 da katin hoto tana tsakiyar aiki, ondilar na iya yin ƙara sau biyu ta mutu. Irin wannan injin 1500 VA yake so. Ƙari a kan haka, akwatunan wutar waɗannan manyan injinan wani lokaci ba sa jituwa da ondilar mai araha da ke ba da wuta mai tsalle-tsalle, sai wadda aka rubuta wa sinus pur, ita kuma kuɗinta daban ne.

Ƴan'uwanmu na Tawa da ƙauyukan Adar da ke kan fano da batir, ku wannan ya fi shafa. Batir mai 12 V 100 Ah wat-awa 1200 ne, kuma in na dalma ne rabi ake ci don ya yi ƙarko, saura 600. Injin da ke shan 50 zai yi awa 12 a lissafi, mai shan 200 awa 3. Ban ga dalilin da zai sa mai sola ya kai kansa ga tsohuwar Xeon ba.

In duk da haka ka zaɓe ta, kula da mai sanyaya. Ƙarfen sanyaya na sarbar ba shi da fankar kansa, ya dogara ne ga guguwar cikin akwatinsa, in ka sa shi a akwatin gida furosesa za ta dahu. Nemi dogo mai bututun tagulla da babbar fanka, kuma ka duba ramukan ƙusoshi, don mazaunin 2011 iri biyu ne, mai murabba'i da tsukakke. Ka goge tsohon man da ya bushe ka sa sabo, kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ka ɗaga injin daga ƙasa. Lokacin hunturu kuma, duk wata ka fitar da shi tsakar gida ka hure ƙurar, kana riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

Mataki na bakwai: Windows

Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta 8, ko Ryzen daga 2000. E5 v3 da v4 ba sa cikin jerin. Na san ana zagaye wannan shinge, mu ma muna yi, amma babu alkawarin cewa sabuntawar gobe za ta shiga. Mai niyyar sa Ubuntu ko Proxmox bai da wannan damuwa.

Mataki na takwas: tara kuɗin duka a takarda ɗaya

Ja layi a tsakiyar takarda. A kowane gefe rubuta furosesa, allo, ram, katin hoto, mai sanyaya, akwatin wuta, SSD, ondilar da ta dace, da kuran shekara biyu. In daga waje za a kawo, ƙara kuɗin jigila da na duwan. Farashin da ka gani da yuro ka ninka shi da 656, don a kan haka sefa take ɗaure. Sannan ka tambayi kanka: in allon nan ya mutu ranar Talata, zan samu wani a Yamai kafin Juma'a? Allon AM4 na Ryzen da LGA1700 na i5-12400 ana samu. Na 2011-3 sai an yi oda an jira.

Kuma kada ka manta da ɗan takara na uku, wanda sau da yawa shi ke lashe zaɓen: kwamfutar buro ta hannu, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, mai i5-8500. Ta 2018 ce, zuciya 6, tana kaiwa 4.1 GHz, wat 65, da hotonta a ciki, kuma Windows 11 ya yarda da ita.

Xeon tana cin wannan lissafi ne a wuri ƙalilan: kana buƙatar ram 64 GB ko fiye, aikinka yana cika duk gidajen nan da muka gani a matakin farko, kana son soka katuna da faifai da yawa tun da E5 tana da layukan PCIe 40, kuma kana da ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. Akwai wani matashi mai koyon aikin rezo da na haɗa wa Z440, yana kunna kwamfutocin gwaji goma a lokaci ɗaya. Shi kam ta yi masa rana.

Mataki na tara: gwada kafin ka miƙa kuɗi

Je da kile ɗinka na USB, a ciki akwai manhajojin gwaji CPU-Z, HWiNFO, Cinebench da MemTest86. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada, ba rashin yarda ba ne." Mai kaya nagari ba ya ƙin wannan.

Fara da CPU-Z: sunan da ya nuna ya dace da wanda aka faɗa maka? Zuciya nawa? Akwai ES? A shafin ram, hanya nawa ke aiki? Sai ka buɗe HWiNFO ka bar shi a gefe, ka kunna Cinebench na minti 10 a kan duk zukata. Idonka a kan abu biyu, zafi da gudu. In zafi ya doshi 90 gudun kuma yana sauka, sanyayawar ba ta isa ba, kuma ka tuna shagon Alhaji wataƙila da kilim, ɗakinka babu. Yi gwajin zuciya ɗaya ma, ka rubuta makin, ka kwatanta da na ɗayan injin da kake tunani. Daga nan ka tayar da injin daga kile ka bar MemTest86 ya zagaya ko sau ɗaya. Jan layi ko guda ne, a sauya sandar. Kashe injin ka kunna sau uku, soka abu a kowane ramin USB, sannan ka nemi garanti a rubuce, ko na mako biyu ne.

Ɗan yayata dai mun yi matakin farko tare a kan tsohuwar kwamfutarsa. Ya buɗe taswirarsa a QGIS, gidaje biyu suka cika, ram ya kai wuya. Muka samo masa EliteDesk mai i5-8500, muka ƙara ram zuwa 16 GB, muka sa SSD, ragowar kuɗin ya sayi ondilar. Da zai tafi ya ɗaure ta a bayan kabu-kabu, ya juyo ya ce, "Kawu, amma fa 14 ta fi 6 daɗin faɗa a gaban abokai." Na ce masa ya dawo da ita a Janairu in hure mata ƙura.